Hodar Ɗakin Gwaji Ba Magani Ba Ce

Abin da wani ɗalibi ya yi wa yayarsa ne ya sa na yi wannan rubutu, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Yayar tasa cutar jijiyoyi da ake kira MS ta taɓa mata ƙafafu, ba ta tafiya sai da dafa bango. Shi kuma yana digiri na biyu a wani ɗakin gwaji inda ake aiki da 4-aminopyridine, wato 4-AP, sinadarin da ni ma nake aiki da shi. Ya shiga intanet ya ga ƙwayar Ampyra, wadda hukumar FDA ta Amurka ta amince da ita a 2010 don sauƙaƙa wa masu MS tafiya, 4-AP ne a cikinta. Ga ƙwaya da tsada, ga wuyar samu, ga kwalbar hodar 4-AP a kabad da mukulli a jiki. Sai ya ɗiba a takarda ya kai gida, ya dangwalo da bakin cokalin shayi ya zuba mata a kunu.

Ba a jima ba zufa ta karyo mata, jiki ya hau rawa, ta daina gane mutane, sai jijjiga, wata na bin wata. Da ƙyar likitoci suka shawo kanta da allurar diazepam, aka kwantar da ita a sashen kulawa ta musamman. A can ne ma aka gano ƙodarta ta daɗe da rauni. Allah dai ya sa da sauran kwana.

Da na tsare shi sai cewa ya yi, "Malam, wallahi na duba, abu ɗaya ne." Na ce, "Yaro, ka manta abin da muke yi da shi a nan?" Maikromola 100 muke zuba wa yankan ƙwaƙwalwar ɓera, da gangan, don mu tayar da farfaɗiya mu auna. Yana toshe ƙofofin fotasiyam, sigina ta tsawaita, kalsiyam ya kwarara, jijiyoyi su yi ta harbawa. A Amurka da shi ake yin Avitrol, gubar tsuntsaye. Shi ka ɗura wa wadda kuka sha nono ɗaya!

Ƙwayar gaskiya miligiram 10 ce, sau biyu a rana, awa 12 tsakani, kuma an sarrafa ta ne ta riƙa narkewa a hankali. Ba a raba ta, ba a daka ta, ba a tauna ta. In ka manta ɗaya, kada ka haɗa biyu. Mai tarihin farfaɗiya ba ya sha. Mai raunin ƙoda matsakaici ko mai tsanani ba ya sha, don ta ƙoda take fita. Kuma duk da haka, waɗanda tafiyarsu ta gyaru a gwaji ba su kai rabi ba.

Ku kuma shugabannin ɗakunan gwaji da kuke barin mukulli a jikin kabad, ba rajista, ba mai sa ido, da hannunku a ciki. Masu ɗura hoda a kafso suna talla a Facebook kuwa, ku ji tsoron Allah.

4-AP ba shi da makari. Cokali ba sikeli ba ne. Kwalbar da aka rubuta mata "don bincike kawai" ba ta shiga bakin mutum, ko da uwarka ce a kwance. A duba ƙoda, na sake faɗa, a duba ƙoda. Kuma a kulle kabad.