Hakkin Mai Bi A Kan Matashi Mai Ciwon Daji

Ya kai mai karatu, ko ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu kwanan nan, ko kuwa kana cikin bincike tukuna, ka sani akan gwada ƙaunar mai bi a bakin gadon marar lafiya. Akwai ciwon da akan warke cikin kwana bakwai, masu dubiya su cika zaure, su watse da murna. Akwai kuma wanda yakan daɗe watanni, har shekaru, har masu dubiya su gaji. Ciwon daji, watau sankara, irin na biyu ne. Darasin nan a kan saurayi ne, da budurwa, da sabon magidanci, waɗanda ciwon nan ya kama suna tsakiyar ƙarfinsu.

1. Ka san ciwon tukuna

An gina jikin mutum da ƙwayoyin halitta ƙanana ƙwarai, masu yaɗuwa da mutuwa bisa ga ƙa'ida. Sa'ad da waɗansu suka ƙi ƙa'idar, suka yi ta yaɗuwa ba tsayawa, shi ne ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 20 aka samu da shi a shekara ta 2022. Yawancinsu manya ne, amma matasa ba su tsira ba: yakan kama su a mama, ko bakin mahaifa, ko hanta, ko jini, ko ƙashi.

Ba a ɗaukarsa ta wurin gaisuwa, ko cin tuwo a akushi ɗaya, ko kwana ɗaki ɗaya. Ba sammu ba ne, ba maita ba. Iri da yawa suna warkewa idan an je asibiti da wuri. Domin wannan alheri na fari shi ne ka raka mutum wurin likita tun kumburin yana ƙarami.

Idan marar lafiyan sabon mai bi ne, lalle waɗansu za su ce masa alhakin barin hanyar iyaye ne ya kama shi. Ka tuna, a cikin Yohanna sura 9 almajirai suka ga wani da aka haifa makaho, suka nemi sanin ko zunubin wane ne ya jawo, Ubangiji kuwa ya ɗauke laifin daga kansa da kan iyayensa duka. Kai ma kada ka ɗora wa kowa abin da Ubangiji ya sauke.

2. Abin da matashi ke rasawa

Tsoho ya gina gidansa, ya aurar da 'ya'yansa. Matashi fa? Karatunsa ya tsaya, ko koyon sana'arsa. Wata an sa mata rana, sai dangin miji su aiko a mayar musu da kayansu. Wani likita ya yanke masa ƙafa domin ya ceci ransa, wata an cire mata mama. Maganin da ake ɗurawa ta jijiya, sau da yawa bayan kowane mako uku, yakan zubar da gashin kai, ya kawo amai da kasala. Gashin yakan sake tsirowa, amma waɗansu magunguna sukan taɓa haihuwa, ya kamata kuwa a tambayi likita wannan tun ba a fara ba. Gashi da na'ura sai a manyan asibitoci kaɗan, kamar na Zariya da Abuja da Sakkwato, mutum za ya yi makonni cikin baƙi. Tsaransa suna gona, suna filin ƙwallo, suna biki, shi kuwa ya koma hannun uwa tamkar jariri.

Wata likita mai bi a Ingila, Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jiyya na St Christopher a Landan a 1967, ta koyar cewa azabar irin wannan majiyyaci kashi huɗu ce: ta jiki, da ta zuciya, da ta zaman jama'a, da ta ruhu. Likita yana fama da ta fari. Sauran ukun, da yawa a cikinsu aikinka ne.

3. Abin da za ka yi

Ka je, ka kuma koma. Zumunta a ƙafa take. Ka yanke masa rana a mako, ka cika ta ko da wata shida ne. Abokan Ayuba suka zauna tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, wannan kuwa shi ne mafi kyaun aikinsu. Kuskurensu ya fara ne sa'ad da suka buɗe baki domin su bayyana dalilin wahalarsa.

Ka saurara. Idan ya ce yana jin tsoro, ko ya yi fushi, ko ya yi kuka, kada ka kwaɓe shi da cewa mai bangaskiya ba ya yin haka. Mai Cetonmu da kansa ya yi baƙin ciki ƙwarai a Jatsaimani, ya kuma roƙi mutum uku su yi tsaro tare da shi.

Ka riƙe shi a matsayin tsaranka mai rai. Ka kai masa labarin gari, ku buga dara, ku yi dariya. Ke kuma 'yar'uwa, ki kai wa ƙawarki ɗankwali mai kyau, ki zauna ku yi hira irin ta dā. A gayyace su biki ko da ba za su iya zuwa ba, a bar musu gurbinsu cikin mawaƙa.

Kada ka jira ya roƙa, gama kunya za ta hana shi. Ka dubi abin da ya tsaya, ka ɗauka: noman gonarsa, ɗiban ruwa, kai yara makaranta, kuɗin mota, ba da jini idan likita ya nema. Ka wanke hannu kafin ka shiga. Idan kana mura ka aika da gaisuwa, gama maganin yakan rage ƙarfin jiki na tsare kansa.

Ka rufa asirinsa. Kada ka ambaci ciwonsa a taron addu'a sai da yardarsa.

Ka faɗi gaskiya. Ka roƙa masa warkewa da dukan zuciyarka, amma kada ka yi masa alkawarin da Allah bai ba ka ba, kada kuma ka ce ya bar magani domin ya nuna bangaskiya. Luka likita ne. Bulus kuwa ya roƙa sau uku a ɗauke masa ƙayarsa, aka ba shi alheri ya jimre.

Kai miji, ke mata, alkawarin aure bai ƙare a ƙofar asibiti ba. Ku kuma sauran masu bi, ku karɓi mai jiyya ko da dare ɗaya ne, ta sami barci.

4. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Mutum huɗu ne suka ɗauki shanyayyen nan na Kafarnahum, har suka buɗe rufin gida suka saukar da shi gaban Yesu. Ku raba kwanaki tsakanin matasa da zumuntar mata da dattawa, domin kada mutum ɗaya ya gaji ya janye. Idan akwai tsaransa da ya taɓa bin hanyar nan, ku haɗa su, gama za ya gane abin da ku ba za ku gane ba. Bayan an gama magani tsoron dawowar ciwon yakan daɗe, kada ku ɗauke ƙafa. Idan ya fara zancen kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a gaya wa likita nan da nan.

Idan kuwa likita ya ce ba warkewa, aikinku bai ƙare ba. Akwai maganin sha mai kwantar da azaba, irin wanda likita Anne Merriman ta yaɗa a Yuganda tun daga 1993. Ku roƙa masa shi, ku zauna da shi har ƙarshe.

Maƙwabcinka wanda ba mai bi ba, hakkinsa a kanka daidai yake. Basamariyen nan bai tambayi addinin wanda ya tarar a hanya ba. Kada ka mai da taimakonka farashin tuba.

In kuwa kai ne marar lafiyan, kada ka ce ka zama kaya ga mutane. Kai gaɓa ne na jikin Almasihu yau kamar jiya. Ka bar 'yan'uwa su ɗauke ka.

Tambayoyi

Me za ka amsa wa mai cewa ciwon daji horo ne?
Ina abokan Ayuba suka yi daidai, ina suka yi kuskure?
Wane matashi ne ka daina zuwa dubiyarsa? Wace rana za ka koma?

Addu'a

Ya Ubangiji Yesu, kai da ka nemi abokan tsaro a daren baƙin cikinka, ka hana mu barci sa'ad da ɗan'uwanmu ke bukatarmu. Ka ba likitoci hikima, ka ba marasa lafiya ƙarfin zuciya, mu kuma ka ba mu ƙauna marar gajiya. Amin.