Yadda ake kare madubin hangen nesa daga ruwa da hazon ciki

A Maijirgi, kan babbar hanyar Tasawa zuwa Damagaram, masu riƙe da madubin hangen nesa ba su da yawa, amma aikinsu da shi babba ne: ma'aikacin gandun daji da ke zagaya gorubar Gulbin Kaba ta wajen Mayahi, malamin gona mai fakon fara da jan-baki, da masu duban jinjirin watan azumi. Damina ce ke ba su wahala. A watan Agusta, da sassafe bayan ruwan dare, mutum ya ɗora madubi a ido sai ya ga fari fat.

Dalilin shi ne iska mai laima, wadda takan kutsa har cikin bututun madubin. Da gilashi ya yi sanyi, sai laimar ta kwanta masa, kamar yadda robar ruwan sanyi ke yin gumi a hannun mai talla.

Da farko sai a gano inda hazon yake. A goge gilashin da ƙyalle mai laushi. In ya tafi, na waje ne, babu damuwa. In ya zauna daram, ruwa ya riga ya shiga ciki, kuma a ranar ya kamata a fara magani.

A cire madubin daga jakarsa, a cire murafensa, a sa shi cikin bokitin roba mai murfi tare da ƙunshin silika, waɗannan 'yan ƙananan ƙulle-ƙullen da ake samu cikin kwalin takalma da na magani. A rufe gam, a ajiye a inuwa kwana 2 ko 3. Shanya shi a rana kuskure ne babba, don zafi na narkar da man da ke cikin majuyin saita gani, ya kuma lalata gam ɗin da ya haɗa gilasan. Kwance shi a gida ya fi wannan muni: gilasan ciki an saita su ne daidai wa daida, da sun goce sai raƙumi ɗaya ya koma biyu, ga ciwon kai. In kuwa aka yi sakaci laimar ta daɗe, fumfuna zai yi zare-zare a ciki ya cinye shafen gilashin, wannan kuma ba ya gyaruwa.

Maganin gaskiya yana wurin saye. Madubi mai kyau an toshe gaɓoɓinsa da zoben roba, an zuƙe iskar ciki an cika shi da naitirojin busasshe, don haka babu laimar da za ta yi hazo. A duba jikinsa ko kwalinsa: IPX7 na nufin zai jure nutsewa cikin ruwa mita 1 na minti 30, IPX4 kuwa yayyafi da fantsama kawai yake ɗauka. Mai sayen na gwanjo ya haska tocila ta babban gilashi ya leƙa; in ya ga ɗigo ko zare ko dusashewa, ya ajiye wa masu sayarwa kayansu.

Hunturu ma na da nasa. Ƙura a hure ta tukuna kafin a goge, don yashi na karce gilashi. Kada a bar madubi a gaban mota da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, domin zoben robar na bushewa ya tsage, ruwan damina mai zuwa kuma ta nan zai shiga.