Zuciya da Jini

In yaro ya yi gudu a filin makaranta, ya tsaya, ya ɗora hannu a ƙirjinsa, zai ji wani abu yana bugawa: dum-dum, dum-dum. Wannan abu zuciya ce.

Zuciya tsoka ce mai ƙarfi. Tana cikin ƙirji, tsakanin huhu biyu, ta ɗan karkata wajen hagu. Haƙarƙari ne ke kare ta. Girman zuciyar kowane mutum kamar dunƙulen hannunsa ne. Tana da ɗakuna 4: biyu a sama, biyu a ƙasa.

Aikin zuciya shi ne tura jini, kamar yadda famfo ke tura ruwa. Jini yana gudu cikin jijiyoyi. Wasu jijiyoyi suna ɗauke shi daga zuciya, wasu suna maido shi. Ɓangaren dama na zuciya yana aika jini cikin huhu. A can jini ke zubar da gurɓatacciyar iska, ya ɗauki iska mai kyau, wadda ake kira oksijan. Daga nan sai ya komo ɓangaren hagu, wanda ke tura shi ko'ina cikin jiki, tun daga ƙwaƙwalwa har ƴan yatsun ƙafa. Jini ne kuma ke rarraba amfanin abincin da aka ci.

Zuciya tana fara bugawa tun mutum yana cikin uwarsa. Ba ta tsayawa ko yana barci. Ta babban mutum tana bugawa kamar sau 70 a minti in yana zaune, wato wajen sau 100 000 a kwana guda. Ta yaro ta fi sauri. In ana gudu ko noma, jiki yana bukatar iska da yawa, shi ya sa bugun ke ƙaruwa.

Babban mutum yana da jini kamar lita 5. A cikin jini akwai ƙwayoyi iri 3 waɗanda ido ba ya gani, sai da madubin likita. Jajayen ƙwayoyi suna ɗaukar oksijan. Fararen ƙwayoyi suna yaƙi da cuta. Na ukun su ne ke sa jini ya daskare a bakin rauni.

Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa jajayen ƙwayoyi. Tsutsar ciki da rashin abinci mai gina jiki su ma suna rage jini. Yaron da jininsa ya ragu yakan gaji da wuri, yana haki, zuciyarsa tana bugawa da sauri. Tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sukan yi fari. Ƙarancin jini yana iya kisa, don haka sai a kai shi gidan likita ba tare da jinkiri ba. Kwana cikin sange yana tsare yaro daga sauro. Hanta, nama, kifi, wake da zogale suna ƙara jini.

In wani ya yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, domin suna sa cuta cikin jiki.

Tambayoyi
1. Ina zuciya take, kuma me ke kare ta?
2. Me jini ke ɗaukowa daga huhu?
3. Yaya ake gane yaron da jininsa ya ragu?

Aiki
Kowane ɗalibi ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ƙarƙashin babban yatsa, ya ƙirga bugun na minti ɗaya. Sannan ya yi tsalle sau 20, ya sake ƙirgawa. Ya rubuta lambobin biyu a allonsa.

Kalmomi
zuciya: le cœur
jini: le sang
huhu: les poumons
ƙarancin jini: l'anémie