Darasi na Bakwai: Kare Kajinmu Daga Shaho da Muzuru, da Yadda Za Mu Bi da Zakaru

Lokaci: awa ɗaya, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Kayan aiki: tsakuwa talatin, babban kwando, ƙyallen waya mai ƙananan ido in an samu.

Manufar darasi: kowace mace ta tashi daga zaman nan ta san abin da ke cinye mata kaji, ta san yadda za ta tare shi da kayan da ke gidanta, ta kuma san zakara nawa ya kamata ta bari.

Me ya haɗa kaji da adashi?

Iyayena da 'yan'uwana, irin wannan adashi da muke yi na akwati mai makulli uku ya samo asali ne a ƙasar Nijar, makwabtanmu, a shekarar 1991, inda ake kiran ƙungiyoyin Mata Masu Dubara. Tun daga can har zuwa nan ƙasar Daura, a Zango ne ko Baure, Sandamu ko Mai'aduwa, kiwon kaji na cikin sana'o'in da mata suka fi cin rance dominsu. Dalili a fili yake: jarin ba shi da yawa, ana yi a cikin gida, kuma in yaro ya kwanta ciwo, kaza ce ake fara kamawa a sayar.

To amma akwati ba ya jin uzurin shaho. In kin ci rance kin sayi kaji, ranar biya tana nan tafe, ko 'yan tsakin sun rayu ko an kwashe su. Shi ya sa na ce mu zauna a kan wannan magana kafin wata ta sake cin rancen kiwo.

Mu yi lissafi da tsakuwa

Kaza tana kwanci kwana 21 kafin ta ƙyanƙyashe. Mu ɗauka, a matsayin misali, kin sa mata ƙwai 12, ta fito da 'yan tsaki 10. A jera tsakuwa goma a tabarma. Yanzu kowa ta faɗi gaskiya: a gidanki, cikin goman nan nawa ke kaiwa girman sayarwa? A kwashe tsakuwar waɗanda ke ɓacewa.

In uku suka rage, kuma kazar ta yi kwanci sau uku a shekara, kin tashi da 9. In kuwa kika tsare takwas a kowane kwanci, kin tashi da 24. Kaza ɗaya ce, dusa ɗaya ce, gida ɗaya ne. Bambancin 15 ɗin nan tsaro ne ya kawo shi, ba ƙarin jari ba.

Na san za a ce mini, zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Haka ne. Amma malamanmu sun koya mana a yi sababi sannan a dogara ga Allah. Sababin shi ne darasinmu na yau.

Ki fara gane ɓarawon

Ba a yin maganin abin da ba a sani ba. Kowane maci kaji yana barin alamarsa:

- Shaho da shirwa. Da rana suke zuwa, daga sama. Ɗan tsako ya ɓace, babu jini babu gashi, uwar kuma tana ta kwarmato. Sun fi samun dama bayan girbi, lokacin da fili ya zama fayau babu wurin ɓuya.
- Hankaka. Yana fasa ƙwai ya sha, yana kuma ɗaukar ɗan tsakon da bai yi ƙwari ba. Za ki ga ɓawon ƙwai a huje.
- Muzuru. Na dare ne. Da safe za ki tarar da gashi warwatse a gindin katanga ko bayan rumbu. Kajin da ke kwana a bishiya ko kan danga su ne abincinsa.
- Tunku. Yana kutsawa ta 'yar kafa, yana cizo a wuya ko a kai, kuma yakan kashe fiye da ɗaya a shiga guda.
- Maciji. Ƙwai ya ragu, babu ko ɓawo, domin haɗiye shi yake yi.
- Ɓera da gafiya. Suna haƙo rami ta ƙasa, su ci dusa, su ja ƙananan 'yan tsaki da dare.
- Mutum. Babbar kaza ta ɓace, babu gashi ko ɗaya, ƙofar akurki kuma a buɗe. Wannan sai kwaɗo da makulli.

In kun lura, haɗarin kashi biyu ne: na sama da rana, wanda ya fi faɗa wa 'yan tsaki, da na ƙasa da dare, wanda ke faɗa wa kowa. Don haka maganin ma kashi biyu ne.

Tsaron rana: kwando na sati shida

Ɗan tsako ya fi shiga haɗari a satuttukansa na farko, lokacin da bai iya gudu ba, gashinsa kuma bai cika ba. Uwa ɗaya ba za ta iya kare goma a fili ba. Abin yi shi ne:

1. Ki samu babban kwando, na geza ko na kara, wanda uwar za ta iya tsayuwa ta juya a ciki. Ki kifa shi a kanta da 'ya'yanta, ki ɗora dutse don kada iska ko akuya ta ture.
2. Ki ajiye shi a inuwa, ƙarƙashin darbejiya ko rumfa. Zafin bazara na kashe ɗan tsako kamar yadda shaho ke yi.
3. Kullum ki matsar da shi sabon wuri, saboda kashi.
4. Tunda kin hana su kiwo, ciyarwa ta koma kanki: tsakin gero ko dawa, dusa, ragowar tuwo wanda bai yi tsami ba, yankakken ganyen zogale, da gara in yara sun samo. Gara na sa su girma da sauri.
5. Ruwa mai tsabta a kasko marar zurfi, da 'yan tsakuwa a ciki don kada su faɗa su jiƙe.
6. Da la'asar, in akwai mutane a tsakar gida, ki sake su su ɗan yi tono, sannan a mayar.

Bayan sati shida sai ki fara sakinsu gaba ɗaya. Ki kafa musu 'yar gajeriyar rumfar kara a tsakiyar fili, inda za su ruga in an yi kuwwar shaho. Tsohon gidan sauro da ya yayyage zai iya rufe saman wurin wasansu. Tsoho na ce, ba wanda yara ke kwana a ciki ba. Kuma ku sani yana tare tsuntsu ne kawai, muzuru yaga shi yake yi.

Tsaron dare: akurki mai ƙofa

Kazar da ta kwana a waje ta kwana a hannun sa'a. Akurkin laka irin wanda iyayenmu ke ginawa ya isa, in an kula da waɗannan:

- A ɗaga shi daga ƙasa a kan duwatsu ko bulo, kamar yadda ake yi wa rumbu, don ruwan damina da gafiya.
- Ƙofa ta katako ko ta kwano, mai sakata. Jingina faifai ko tsohon murfin tukunya ba rufi ba ne.
- A bar kafofin shan iska ta sama, a rufe su da waya mai ƙananan ido. Duk kafar da yatsanki zai shige, a toshe ta da laka.
- A gitta sanda a ciki don manya su hau.
- A share kewayensa tas. Tarin itace, karare da ciyawa kusa da akurki gidan maciji ne.
- A kwashe kashi duk sati a kai gona, taki ne mai kyau. A barbaɗa toka a ƙasa saboda ƙuma.

Ki saba musu da watsa ɗan hatsi a bakin akurki gab da magariba. Cikin 'yan kwanaki za su riƙa zuwa da kansu. Ki ƙirga su, ki rufe. Ƙwan da ba na kwanci ba kuma a kwashe shi kullum, kada ya kwana.

Gargaɗi biyu. Na farko, kada ke ko yaro ku zura hannu a akurki cikin duhu, a haska tocila tukuna. In gamsheƙa ta tofa wa mutum dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take a tafi asibiti. In sara ne, kada a tsaga, kada a ɗaure tamau, a garzaya asibiti. Na biyu, kada a zuba gubar ɓera a tsakar gida. Kaji za su tsattsaga, yaro mai rarrafe ma zai iya ɗauka. Tarko ya fi.

Zancen zakara

Zakara na da amfani biyu. Kaza tana yin ƙwai ko babu shi, amma ƙwan ba zai ƙyanƙyashe ba. Sannan shi ne mai gadi: in kun saurara, kukan da yake yi in ya hango shaho daban ne da wanda yake yi in ya ga kare ko mage, kuma kaji sun san bambancin.

Amma yawansu ɓarna ne. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma. In kina da kaji shida da zakaru huɗu, ukun nan suna cin dusarki ne a banza, suna faɗa har zanko ya yi jini, suna damun kaji da hawa har bayansu ya kwaile. Kazar da ake kora duk yini ba ta samun natsuwar ci, balle ƙwai.

Ga yadda za mu yi:

1. Zaɓi ɗaya. Mai lafiya, mai faɗin ƙirji, mai jan zanko, wanda in ya samu abinci yake kiran kaji maimakon ya kore su.
2. Sayar da sauran da sun kai wata biyar zuwa shida. Ki auna lokacin da ake nemansu: gab da ƙaramar Sallah, lokacin Sallar Gani a Daura, ko in an yi haihuwa a unguwa. In aike za ki yi kasuwa, ko ta Mai'aduwa ce, ki tsayar da kuɗin da ba za a sauka ƙasa da shi ba tun daga gida.
3. Zakara mai kai wa mutane hari ba a ajiye shi a gidan da ke da ƙananan yara. Tsalle yake yi ya kai ga fuska, ga baki ga ƙaton farcen nan na bayan ƙafa, ido kuwa ba shi da na canji. A hana yara tsokanarsa da jifa, don shi ke ƙara masa faɗa. In bai daina ba, a sayar ko a yanka. Sabo da kaza ba ya hana yanka.
4. In farcen bayan ƙafar ya yi tsini yana yankar kaji, a goge bakinsa kaɗan a dutse. Kada a datse shi daga tushe, jini zai zuba.
5. Canza zakara duk shekara, kada ya riƙa hawan 'ya'yansa, domin iri yana raunana. A nan ƙungiya ke da rana: mu yi musaya a tsakaninmu, ba sai an kashe ko sisi ba.
6. Baƙon zakara, musamman na kasuwa, a keɓe shi sati biyu kafin ya shiga cikin naki. Annobar kaji da likitocin dabbobi ke kira Newcastle ta fi yaɗuwa da hunturu, kuma sau da yawa baƙon tsuntsu ne ke shigo da ita. Akwai rigakafinta, ana yin ta a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, jihar Filato. Mu haɗa kajinmu mu nemi malamin dabbobi ya yi mana a rana ɗaya.
7. Masu sha'awar zakaran Noiler don ƙara girman iri su sani yana da nauyi. A haɗa shi da manyan kaji, ba 'yan dagwale ba.

In zakaranki na shiga shanyar maƙwabciya, ki kife shi da kwando har ta kwashe. Mudun gero bai kai a ɓata zumunci ba, kuma mu da ke haɗa kuɗi a akwati ɗaya ba ma son gaba a tsakaninmu.

Ina za a samu kuɗin yin duk wannan?

Yana yawo a tsakar gidanki yana cara. Zakarun nan da suka yi yawa, ki sayar da ɗaya ko biyu, ki sayi waya da sakata da kwando. Laka da duwatsu kuwa ba saye ake ba.

Shawarwarin da za mu jefa wa ƙuri'a

- Duk mai neman rancen kaji, mambobi biyu su je su ga akurkinta da kwandonta kafin a ba ta.
- Mu sayi waya a dunƙule mu raba, ya fi araha.
- Mu sa ranar musayar zakaru sau ɗaya a shekara, bayan rabon kuɗi.

Tambayoyin tattaunawa

1. A kwancin da kazarki ta yi na ƙarshe, nawa ta ƙyanƙyashe, nawa suka rage?
2. Wace alama kika gani, kuma wa kike zargi yanzu?
3. Kaji nawa da zakaru nawa ke gidanki?
4. Wace dabara iyayenmu ke yi a da wadda ban ambata ba? Manya, a nan muna sauraronku.

Aikin gida

Kafin zama mai zuwa, kowa ta ƙirga kajinta, zakarunta da 'yan tsakinta, ta kawo wa sakatariya adadin a rubuta. Ta zagaya akurkinta ta toshe duk kafar da yatsa ke shiga. Wadda ba ta da akurki ta faɗa yau, mu sa ranar da za mu taya ta kwaɓa laka. Bayan wata uku za mu sake jera tsakuwa mu ga abin da ya canza. Allah ya sa albarka a kiwonmu.