Darasi: Tuƙi Cikin Maye da Abubuwan da Ke Ƙara Nauyin Hukuncinsa

Uwargida mai juna biyu, daga ranar da kika fara zuwa awo har ranar da za ki sauka, za ki shiga mota ko adaidaita sahu sau da yawa. A kowace tafiya rai biyu kike danƙa wa direba. Darasinmu na wannan fitowa ya shafi direban da ya hau titi cikin maye, da abubuwan da ke sa alƙali ya tsananta masa hukunci. Ki karanta tare da maigida, domin waɗannan abubuwa su ne kuma alamun da za su nuna muku motar da bai kamata ki shiga ba.

Mene ne maye a idon doka?

Giya tana rage saurin tunani da kaifin gani, tana kuma sa direba ya makara wajen taka birki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada giyar da ke jinin direba ta wuce giram 0.05 a cikin mililita 100, sabon direba kuwa kada ta wuce 0.02. A Nijeriya, dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta shekarar 2007 ta haɗa giya da ƙwaya cikin laifi guda. Ke nan tiramadol da wiwi da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana a 2018, duk sun shiga ciki. A sani kuma: goro ko gahawa ko wanka da ruwan sanyi ba sa cire giya daga jini. Hanta ce ke narkar da ita sannu a hankali, sai an ba ta sa'o'i.

Abubuwa biyar da ke ƙara nauyin laifin

Dokokin ƙasashe sun bambanta, amma kotuna da dama suna duba waɗannan:

1. Yawan abin da aka sha. A jihar New York ta Amurka iyakar doka ita ce 0.08, amma wanda aka auna ya kai 0.18 ana tuhumarsa da laifi na daban mai tsanani.

2. Ɗaukar yaro a motar. A shekarar 2009 wata yarinya 'yar shekara 11 mai suna Leandra Rosado ta rasu a birnin New York, lokacin da motar da wata mata ke tuƙawa cikin maye ta kife. A wannan shekarar jihar ta kafa doka da sunan yarinyar. Duk wanda ya yi tuƙi a buge da yaro ɗan ƙasa da shekara 16 a motarsa ya aikata babban laifi, ko da karon farko ne, ko da ba a yi haɗari ba, kuma ɗaurin zai iya kai shekara 4. Dalili shi ne yaro ba shi da ikon cewa a tsaya ya sauka.

3. Maimaita laifin. Wanda aka taɓa kamawa ya sake, ya nuna gargaɗi bai shige shi ba.

4. Haɗa laifi da laifi: gudun wuce ƙa'ida, tuƙi ba lasisi, ƙin yarda a auna shi, ko tserewa a bar wanda aka buge a kwance.

5. Raunata mutum ko kashe shi. Wannan shi ne mafi nauyi. A Birtaniya, tun daga 2022, wanda ya kashe mutum ta hanyar tuƙin ganganci cikin maye zai iya samun ɗaurin rai da rai, alhali a da iyakar shekara 14 ce. A Nijeriya, dokar manyan hanyoyin tarayya ta tanadi ɗaurin shekara 7 ga wanda tuƙinsa na ganganci ya jawo mutuwa.

Me ya shafi cikinki?

Jaririn da ke cikinki ya fi yaron kujerar baya rashin ikon kare kansa. Idan mota ta yi karo ko ta ci birki da ƙarfi, mabiyiya tana iya ɓanɓarewa daga jikin mahaifa kafin lokacinta. Ta mabiyiya jariri ke samun abinci da iska, saboda haka idan ta rabu rayuwarsa na cikin haɗari, ke ma kina iya zubar da jini mai yawa. Wani lokaci jinin yana taruwa a ciki, ba a ganin ko ɗigo a waje. Kotu tana iya ɗaure direba, amma ba ta iya mayar da cikin da ya zube.

Abin da za ku yi

Ki dubi direba kafin ki hau. Idan kika ji warin giya, ko kika ga idanunsa sun yi ja, harshensa ya yi nauyi, ki fasa, ko da kin biya kuɗin mota. Idan ɗan'uwa ne ma haka. Kada kunya ta sa ki shiga ke da 'ya'yanki.

Maigida, tun cikin wata na bakwai ka tanadi direban da ka san halinsa, ka riƙe lambar wayarsa, ka kuma samu na biyu. Naƙuda takan zo da tsakar dare, lokacin da mutum ke karɓar duk abin hawan da ya samu.

Ki riƙa ɗaura bel. Na ƙasa ya bi ƙarƙashin ciki a kan ƙashin ƙugu, na sama ya ratsa tsakanin nonuwa. Kada ya hau kan tsakiyar ciki.

Idan an yi haɗari, komai ƙanƙantarsa, ki zo asibiti a ranar, ko da ba ki jin ciwon komai. Idan cikin ya wuce mako 20, akan sa ido a kan bugun zuciyar jariri na aƙalla awa 4. Idan jininki nagetif ne, ki faɗa wa nas, domin akwai allurar da ake so a yi miki cikin awa 72.

Bayan an sallame ki, ki dawo nan take idan kin ga jini, ko faya ta fashe, ko ciki ya ɗaure da ciwo, ko motsin jariri ya ragu, ko jiri yana ɗibar ki.

Tambayoyin bita

a) Kawo abubuwa uku da ke ƙara nauyin hukuncin tuƙi cikin maye.
b) Ta ina bel na ƙasa zai bi a jikin mai ciki?
c) Wa zai kai ki asibiti idan naƙuda ta zo da dare? Kun yi maganar da shi?

Ki zo da amsarki ranar awo mai zuwa, ungozoma za ta tattauna da ke. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sauke ki lafiya.