Kiwon Kyanwa a Gida da Kula da Lafiyarta

Kyanwa, wadda ake kuma kira mage, namijinta kuwa muzuru, ana ajiye ta a yawancin gidaje ne domin ta yi maganin ɓera a ɗaki da rumbu. Wannan ya sa mutane da dama suke ɗauka cewa ba ta bukatar kulawa tunda za ta ci abin da ta kama, alhali kyanwar da yunwa da cuta suka raunana ba ta da ƙarfin farauta. Addini ma ya ɗora wa mai ita nauyin ciyar da ita, domin ya zo a littattafan hadisi na Buhari da Muslim cewa an yi wa wata mata azaba saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba.

Kyanwa maciyiyar nama ce, kuma jikinta yana bukatar wani sinadari da ake kira taurin, wanda ake samu a nama da kifi, rashinsa kuwa yakan jawo makanta da ciwon zuciya. Saboda haka tuwo ko shinkafa zalla za su cika mata ciki amma ba za su riƙe ta ba. Abin da ya dace shi ne a dafa mata kifi ko nama ko kayan ciki ba gishiri ba yaji, a cire ƙaya da ƙasusuwan kaza masu tsagewa, a kuma ajiye mata ruwa mai tsabta a inuwa. Ragowar miya ba abincinta ba ce, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jininta. Madarar shanu ma, duk da yadda kyanwa take lasar ta da marmari, takan sa ta zawo, saboda cikin yawancin manyan kyanwoyi ba ya narkar da sukarin da ke cikinta.

Kyanwa takan ɗauki ciki na kimanin kwana 63 zuwa 65, ta haifi 'ya'yanta idanunsu a rufe, sai bayan mako ɗaya zuwa biyu su buɗe. A makonnin farko jikinsu ba ya iya riƙe ɗumi, don haka kwali da aka shimfiɗa wa tsumma a wani lungu marar iska yana iya zama abin da zai tsirar da su a lokacin hunturu. Ya kamata a hana yara yawan ɗaukar su, domin uwar da aka dama takan kwashe su da baki ɗaya bayan ɗaya ta kai su inda ba a sani ba. Suna fara lasar abinci mai laushi a mako na 4, kuma bai kamata a raba su da uwa domin kyauta ba kafin su cika mako 8.

Babban haɗarin da ke gaban kyanwa sau da yawa a cikin gidan yake, kuma daga hannun masu son ta yake fitowa. Gidan da aka zuba shinkafar ɓera, wato gubar da ake haɗawa da hatsi domin kashe ɓeraye, bai dace da kyanwa ba, domin idan ta ci ɓeran da gubar ta kama ita ma tana iya kamuwa. Haka nan fiya-fiya da ake yayyafawa saboda sauro, da maganin ƙuma da aka yi domin karnuka, duka suna iya sa ta dalalar miyau da rawar jiki har ta mutu. Mafi muni shi ne farasitamol, wanda wasu kan ba ta don tausayi idan suka ga ta yi laushi. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta, bayan fuskarta ta kumbura, dasashinta ya yi duhu, numfashi ya gagare ta. Idan ana zaton ta ci guba, ɗura mata manja ko madara ɓata lokaci ne, gara a garzaya da ita wurin likitan dabbobi tare da kwalbar ko takardar abin da ta ci.

Kyanwa mai farauta ba ta rabuwa da tsutsar ciki, don haka ana ba ta maganinta kamar duk wata 3 bisa shawarar likita. Idan gashinta ya zube a zagaye kamar kwabo, wataƙila makero ne, kuma yana kama yara. Kashinta, wanda take binnewa a yashi, a riƙa kwashe shi kullum a wanke hannu da sabulu, amma mace mai juna biyu ta bar wa wani wannan aiki, saboda akwai ƙwayar cuta a cikinsa mai iya cutar da ɗan tayi. Ƙin cin abinci fiye da yini guda, da ɓuya a lungu, da kwantsa ko majina, alamu ne na rashin lafiya.

Ba kowace kyanwa ce kyanwar Lami ba, wani lokaci akwai cizo akwai yaƙushi. Ciwon haukan kare, duk da sunansa, yana kama kyanwa, ita kuma ta sa wa mutum ta hanyar miyaunta. Ana yi mata allurar rigakafi tun tana wata 3, a kuma maimaita a lokacin da likita ya tsayar, kuma a Nijeriya cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos tana sarrafa rigakafin wannan cuta. Wanda kyanwa ta ciza, musamman baƙuwa ko wadda halinta ya sauya, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar ba tare da jiran ganin abin da zai faru ba, domin da zarar alamomin cutar sun bayyana a jikin mutum kusan ba a tsira.