Yadda ake haɗa shirin "A rana mai kamar ta yau" a ƙasar Tasawa da Mayahi

Shirin "a rana mai kamar ta yau" bai fi minti biyar a bakin mai gabatarwa ba, shi ya sa mutane da yawa suke ganin ba wani aiki a cikinsa: a buɗe intanet a waya, a samo jerin abubuwan da suka faru a wannan kwanan wata, a juya su da Hausa, a karanta. Akwai masu yin haka, kuma tun daga jimlar farko ake gane su, domin mai sauraro a Korgom ko Kanembakashe zai ji cewa an haifi shugaban Amurka Gerald Ford a 1913, ya ji labarin wani fim, shirin ya ƙare bai ji sunan gari ko ɗaya da ƙafarsa ta taɓa takawa ba. A ganina, ranar da za a karanta wa mutanen Tasawa da Mayahi daga gida ake fara gina ta, sannan a fita waje, kuma wannan ginin sana'a ce mai ƙa'ida. Ranar 14 ga Yuli ta isa misali.

Aikin yana farawa da kundi mai shafi 366, kowace rana da shafinta, har da 29 ga Fabrairu. Masu riƙe da irin wannan kundi galibi ƴan rediyon karkara ne da malaman makaranta, wasunsu sun yi ritaya, kuma ba kuɗi ke sa su ba, son abin ne. Duk shekara ana tsintar abubuwa ana zubawa. Wasu shafukan da kansu suke cika. Na 3 ga Agusta yana da ƴancin kan Nijar a 1960, da nasarar Jesse Owens a tseren mita 100 a Balin a 1936, da zinaren ƙwallon ƙafa da Najeriya ta ci a Olamfik ta 1996 bayan ta doke Ajantina da ci 3 da 2. Irin wannan rana ko sabon shiga zai iya da ita.

Tattara abubuwan duniya na 14 ga Yuli ma ba wuya. A 1789 mutanen Paris suka fasa kurkukun Bastil, abin da ya zama bikin ƙasa na Faransa. A 1958 sojoji suka kifar da sarautar Iraƙi. A 2011 Sudan ta Kudu ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya. A fagen wasa, Hisham El Guerrouj na Maroko ya yi gudun mita 1500 cikin minti 3 da daƙiƙa 26 a birnin Rum a 1998, bajintar da aka haura shekara 25 ba wanda ya karya ta, sannan a 2024 Sifen ta doke Ingila da ci 2 da 1 ta ɗauki kofin Turai. Ƙa'idar a nan ita ce kowane abu sai an same shi a wuri biyu da ba ɗaya ya kwafa daga ɗaya ba. Akwai kuma tarkon agogo. Wasan ƙarshe na kofin Kudancin Amurka da Ajantina ta ci Kolombiya an rubuta shi 14 ga Yulin 2024, amma wanda ya kalla a gidan kallo a Tasawa ya san tsakar dare ta wuce tuni kafin a take ƙwallo, wato 15 ga wata ce a wurinmu. Mai shiri na ƙwarai yakan faɗi haka, ko ya bar abin. Kokowa kuwa, wadda aka fara gasar takobinta a Tawa a 1975 Kantu na Maradi ya ɗauka, ranar ƙarshenta tana sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka da an kammala ake rubuta ta a kundi tun ba a manta ba.

Inda gwaninta take fitowa, kuma inda aka fi yin ɓarna, shi ne neman abin gida da za a kafa ranar a kansa. Ranar 14 ga Yulin 1899, a Dankori, cikin ƙasar Tasawa, Kyaftin Paul Voulet ya sa sojojinsa suka buɗe wuta kan Laftanar Kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya karɓe ragamar rundunar daga hannunsa. Klobb ya hana mutanensa ramawa, aka kashe shi nan take, Laftanar Meynier da ke tare da shi ya ji rauni. Wannan runduna ta Voulet da Julien Chanoine ita ce ta yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu a watan Afrilu, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a watan Mayu, ta biyo gabas tana ƙona garuruwa tana rataye mutane, har Koran Kalgo. Kwanan watan mutuwar Klobb tabbatacce ne, domin hafsan Faransa ne, an rubuta rahoto, an yi bincike, jaridun Paris sun buga. Amma manoma da mata da yaran da aka kashe a garuruwan da ke kan hanya, mafi yawansu ba wanda ya rubuta sunansu, balle ranarsu. Idan mai shiri ya tsaya kan abin da takarda ta ba shi, zai ce wa jikokin waɗanda aka kashe: a rana mai kamar ta yau an kashe wani kanar. Bai yi ƙarya ba, amma ya maimaita zaɓin da ofishin ƴan mulkin mallaka ya yi na wanda ya cancanci a tuna da shi. Abin da ya kamata shi ne a ɗauki ranar Klobb kamar turke, a ɗaure labarin mutanen ƙasa a jikinta.

Wannan ɗaurin yana bukatar a fita daga ɗakin rediyo a je wurin tsofaffi, kuma akwai yadda ake tambaya. Ba a ce wa dattijo, "Baba, wace shekara ce?" domin ba da lamba ya gaji labarin ba, kuma kunya za ta iya sa shi ya faɗi wata lamba don kada ya mayar da baƙo hannu rabbana. Ana cewa, "Baba, da kakanninku suka ce nasara sun zo, an yi shuka ko ba a yi ba? Hatsi ya kai ina? An gama noman firi? Ranar kasuwa ce? Wa ke sarauta?" Amsar da ta ce damina ta sauka, hatsi bai rufe mutum ba, ta dace da tsakiyar Yuli, kuma wannan dacewa hujja ce. Amsar da ta ce ana cikin girbi tana nuna wani abin daban ake ba da labari, ko kuma labarai biyu sun haɗe a baki ɗaya, abin da yakan faru bayan shekara ɗari da ɗoriya. A garuruwan Gulbin Kaba, wajen Mayahi, da manyan yunwa ake auna zamani: kafin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ko bayanta, kafin El-Buhari ta 1984 zuwa 1985 ko bayanta. Mai shiri sai ya san waɗannan alamomi kamar yadda ya san watannin bature.

Sai kuma lissafin Hijira. Idan aka samu wata takarda ta ajami a hannun malami ko a fada, da watan Musulunci za a ga an rubuta ta. Shekarar Hijira kwana 354 ce, tana gaza ta bature da kusan kwana 11, sai bayan kimanin shekara 33 suke sake haɗuwa a lokaci ɗaya. Ranar 14 ga Yulin 1899 Juma'a ce, a farkon Rabi'ul Awwal na 1317, wajen biyar ga wata. Na ce wajen, domin manhajar waya da lissafi take juya kwanan wata, mutanen da kuwa da ganin jinjirin wata suke farawa, kuma ranarsu da magariba take shiga. Bambancin kwana ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne. Mabuɗin shi ne ranar mako, wadda ba ta sauyawa da kalanda. Idan takardar malami ta ce Alhamis, manhaja ta ce Juma'a, to malami ake bi, a ja kwanan watan baya da ɗaya. Wanda bai san wannan ba zai riƙa sanar da ranakun da ba su ba, da murya mai cike da tabbaci, kuma abin da rediyo ta faɗa sau uku ya zauna ke nan a bakin ƴan makaranta.

Daga nan ake raba abubuwa gida uku: wanda aka san ranarsa, wanda aka san watansa kawai, da wanda shekara ko lokaci kaɗai aka sani. Ba a ɗaga wani daga gidansa zuwa na sama don shiri ya yi daɗi. Zuwan matafiyi Heinrich Barth Tasawa a Janairun 1851, in ba a riƙe da littafin tafiyarsa ba, "a irin wannan wata" za a ce. Faɗuwar Katsina a hannun masu jihadi a 1807, wadda ta koro sarautar Haɓe zuwa arewa har aka kafa Maradi, shekara ce. Kakalaba ba ta da rana, ba za a ƙirƙira mata ba.

Wani zai ce to ai kalandar bature ce duk wannan, me ya haɗa tarihinmu da ita? Amsa ita ce da ita ake buɗe makaranta, da ita ake biyan albashi, ita ke kan fuskar kowace waya. Ƙin amfani da ita ba zai kare tarihin Tasawa ba, sai dai ya bar shafukanta 366 ga tarihin wasu. Wani kuma zai ce haɗuwar abubuwa a rana ɗaya katari ne, ba ma'ana. Gaskiya ne cewa ba abin da ya haɗa gudun El Guerrouj da Dankori. Amma ba a ce ranar ce ta haifar da su ba. Amfaninta shi ne tana ba da dalilin tuna abu sau ɗaya kowace shekara, ko ana so ko ba a so. Wani lokaci kuma katarin da kansa yana koyarwa: ranar da ake bikin ƴanci a Paris, a ranar ce sojojin Faransa suke harbin ƴan uwansu a gonakin Tasawa bayan watanni suna kashe mutanen ƙasa. Ɗalibin da ya ji waɗannan biyu a jere ya fahimci mulkin mallaka fiye da wanda ya ji ɗaya.

Sashen haihuwar fitattun mutane shi ya fi jawo ce-ce-ku-ce, domin wasu suna ganin bikin zagayowar haihuwa ba al'adarmu ba ce. Faɗin ranar da aka haifi mutum tarihi ne, ba biki ba, kuma malamanmu sun daɗe suna rubuta shekarun haihuwa da wafatin magabata. Matsalar gaske wata ce daban. A 14 ga Yuli akwai mawaƙiya Angélique Kidjo, wadda aka haifa a 1960 a Dahome, Benin ta yau, mako biyu da ƴan kwanaki kafin ƙasarta ta samu ƴanci, ta kuma ci kyautar Grammy sau biyar. Ita tana da rana. Makaɗanmu da ƴan kokowarmu da malamanmu na da, yawancinsu takardarsu cewa take an haife su wajajen shekara kaza, kuma wanda shekararsa kaɗai aka sani sau da yawa 1 ga Janairu ake rubuta masa. Tandja Mamadou, da ya mulki ƙasa shekara goma, 1938 kawai aka san shi da ita. Saboda haka a shafin 1 ga Janairu sai an yi taka-tsantsan, sauran shafukan kuma a cika su da ranakun da aka tabbatar: ranar naɗi, ranar cin takobi, ranar rasuwa. Ranar rasuwa ta fi tabbata a wurinmu, domin an yi jana'iza, an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, gari ya shaida.

Jeri shi ne mataki na ƙarshe. Abu shida ko bakwai sun isa. Dankori ce a gaba, a ba ta rabin lokacin, da sunayen garuruwa a faɗe su yadda masu su suke faɗa. Masu cewa bai dace a haɗa kisan jama'a da ƙwallo cikin shiri ɗaya ba suna da gaskiya idan an jera su kafaɗa da kafaɗa. Shi ya sa ake sa Bastil da Iraƙi da Sudan ta Kudu a tsakani, a ɗan dakata, a sauya murya, sannan a shiga wasanni, a rufe da haihuwa. Ana rubutawa don kunne: jimla gajera, shekara a farko, lissafin shekarun da suka wuce a yi shi tun a takarda, kada a tsaya yi a gaban makirfo. Bayan shiri masu sauraro za su bugo waya, wani ya gyara sunan gari, wani ya ce kakarsa ta ba shi labarin daban. Duk ana rubutawa a gefen shafi, da sunan garin mai maganar, a je a bincika kafin baɗi. Aikin 14 ga Yuli kuma yana cika shafukan da ke biye: 16 ga wata sojojin Chanoine suka yi bore suka kashe shi, 17 ga wata aka kashe Voulet, kaburburan da aka yi musu suna Maijirgi, sannan a ƙarshen watan ragowar rundunar ta ci yaƙin Tirmini ta shiga Damagaram.